Yadda Iyaye Katolika Za Su Koya wa Matasansu Tsarkin Jiki da Kamun Kai

A gidajenmu da yawa na Katolika a Arewa, daga Kafanchan zuwa Zariya, daga Malumfashi zuwa Kontagora, duk bayanin da yarinya ke samu game da jikinta bai wuce magana ɗaya da uwa ke jefa mata ranar da ta fara ganin al'ada ba: "Yanzu kin girma, idan namiji ya taɓa ki za ki yi ciki." Ɗa namiji kuwa ko wannan ba ya samu, domin uban yana ganin zai gane da kansa, kamar yadda shi ma ya gane da kansa. Abin da ke ɗaure bakin iyaye kunya ce, wadda muka gada muka kuma tashi a cikinta, har akwai uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, balle ta zauna da shi a kan maganar balaga. Kunya abu ne mai kyau, kuma ita ce ma jarin da za mu yi aiki da shi a nan gaba, amma idan ta hana uwa magana, to waya da abokai ba su jin kunyar kowa, su za su yi maganar a madadinta.

Ikilisiya ba ta ɗora wannan aiki a kan Fada ko katekis ko malamin makaranta ba. A wasiƙar da Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta a kan iyali a 1981, mai suna Familiaris Consortio, ya bayyana cewa koya wa yara ma'anar jikinsu haƙƙi ne kuma wajibi ne na iyaye, sauran masu koyarwa mataimaka ne kawai, kuma Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwarta, ya nanata a sakin layi na 2223 cewa iyaye ne na farko wajen ɗaukar nauyin tarbiyyar 'ya'yansu. Ga yadda za a bi aikin daki-daki.

Mataki na farko: ku fahimci abin da za ku koyar, ku kuma duba gidanku

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tsarkin jiki shi ne yarinya ta kai budurcinta gidan miji, shi ke nan. Koyarwar Ikilisiya ta fi haka faɗi, domin a wurinta kowane mai baftisma an kira shi ga wannan hali: saurayi da budurwa, miji da mata, gwauruwa, Sista da Fada, kowa gwargwadon matsayinsa. Katekizim, daga sakin layi na 2337 zuwa na 2343, ya bayyana shi a matsayin haɗuwar jiki da ruhu wuri ɗaya, yadda mutum zai zama shi ke riƙe da linzamin sha'awarsa, ya kuma kwatanta shi da koyon sana'a, wanda yake ɗaukar lokaci mai tsawo, yake tafiya mataki-mataki, kuma sau da yawa akan yi tuntuɓe a cikinsa. Duk wanda ya taɓa kai yaro wurin kafinta ko makanike ya san cewa ba a rana ɗaya hannu ke faɗawa ba, kuma ba a korar almajirin sana'a don ya lalata katako ɗaya.

Tushen koyarwar shi ne cewa jiki abu ne mai kyau. Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ya halicce su namiji da mace, ya duba ya ga abin ya yi kyau ƙwarai, Manzo Bulus kuma ya gaya wa Korintiyawa cewa jikinsu haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Yaron da aka cusa masa cewa sha'awa ƙazanta ce zai ɓoye duk abin da yake ji, kuma akwai ma'auratan da suka shiga aure da wannan tsoro suka sha wahalarsa shekaru. Wanda aka nuna masa cewa kyauta ce mai daraja da aka tanada domin aure yana da dalilin da zai sa ya jira.

Kafin ku kira yaro, miji da mata su zauna su kaɗai su daidaita bakinsu: wace doka za a kafa a kan waya, ƙarfe nawa za a rufe ƙofa, wa zai yi magana da wa. Sannan kowa ya dubi kansa da gaskiya. Uban da unguwa ta san yana da mace a waje, ko wanda yake zolayar 'yan mata masu wucewa a gaban ɗansa, ya riga ya gama wa'azinsa kafin ya buɗe baki, haka ma uwar da ke ba da labarin sirrin auren maƙwabta yara na sauraro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mataki na biyu: ku riga balaga isowa, kuma kowane yaro a yi masa tasa zaman

'Yan mata sukan fara balaga tsakanin shekara 8 zuwa 13, maza kuma tsakanin 9 zuwa 14, saboda haka wanda ya jira sai yarinya ta shiga babbar sakandare ya makara ƙwarai. Takardar jagora da majalisar Fadar Paparoma mai kula da iyali ta fitar wa iyaye a 1995 ta ba da shawarar da ta dace da al'adarmu sosai, wato a yi wa kowane yaro bayani shi kaɗai gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa, uwa da 'yarta, uba da ɗansa. Kada a tara yara huɗu a falo a yi musu lacca, domin ƙaramin zai ji abin da bai kai ba, babban kuma zai ƙi yin tambaya saboda ƙannensa.

Dabarar da ta fi sauƙaƙa kunya ita ce a yi maganar hannu yana aiki, ido ba ya kallon ido. Uwa tana yi wa 'yarta kitso, yarinyar na zaune tsakanin ƙafafunta ta ba ta baya, wannan lokaci ne da babu kamarsa. Tana iya farawa da cewa: "Uwata, akwai abin da nake so ki ji daga bakina kafin ki ji a waje. Nan ba da daɗewa ba jikinki zai fara canzawa, za ki ga jini, ba ciwo ba ne kuma ba laifi ba ne, alama ce cewa Allah yana shirya jikinki domin wata rana ki zama uwa. Ranar da kika gani, ni za ki fara gaya wa." Sai ta nuna mata audugar mata da yadda ake amfani da ita, da yadda ake ƙirga kwanaki, ta kuma gaya mata a fili yadda ciki ke samuwa. Barazanar nan ta "idan namiji ya taɓa ki" tana da illa biyu: ƙaramar yarinya za ta firgita don ɗan ajinsu ya riƙe mata hannu, babbar kuwa ranar da ta gano ba gaskiya ba ne za ta daina yarda da sauran abin da uwar ta faɗa. A kuma sanar da ita cewa a koyarwar Katolika jinin al'ada ba ya hana ta shiga coci ko karɓar Jikin Kristi, domin akwai 'yan matan da suke janyewa a ɓoye suna zaton ba su da tsarki.

Uba kuma ya nemi nasa lokacin, a hanyar gona, ko suna wanke babur, ko suna gyaran rufin ɗaki. Ya gaya wa ɗansa cewa muryarsa za ta buɗe, gashi zai fito masa, zai yi mafarki ya tashi ya ga jikinsa ya jiƙe, kuma wannan ba zunubi ba ne tun da ba da nufinsa ya faru ba. Ya bambanta masa tsakanin tunanin da ya faɗo wa mutum ba shiri da tunanin da mutum ya kira ya shimfiɗa masa tabarma, domin samari masu tsoron Allah da yawa suna azabtar da kansu a kan na farkon. Daga nan ya faɗa masa abin da ba a cika faɗa wa 'ya'ya maza ba, cewa dokar da ke kan ƙanwarsa ita ce a kansa, kuma kowace yarinya da yake gani 'yar wani ce, ƙanwar wani ce. Mun daɗe muna tsare 'yan mata muna sakin samari, alhali ba mace kaɗai ke yin ciki ba.

Inda babu uba a gida, ko uwa ta rasu, a nemi kawu ko gwaggo mai hankali, ko uban baftisma da uwar baftisma, waɗanda tun ranar baftisma suka yi alkawarin taimakawa a tarbiyyar bangaskiyar yaron, ko da yake da yawansu sun mai da aikin sayen kayan Kirsimeti kawai. Kuma zama ɗaya ba ya isa. Gajerun hirarraki goma a cikin shekara biyu sun fi doguwar lacca ɗaya amfani.

Mataki na uku: ku riƙe fuskarku idan tambaya ta zo

Wata rana yaro zai tambayi ma'anar wata kalma da ya ji a makaranta, kalmar da za ta sa gabanku ya faɗi. Abin da fuskarku ta yi a daƙiƙa biyar na farko shi zai yanke ko zai sake dawowa. Kada a ce "Wa ya koya maka wannan iskanci?", a ce "Na ji daɗi da ka tambaye ni, a ina ka ji ta, kuma me kake zaton take nufi?" Amsarsa za ta nuna iyakar abin da ya sani, sai a ba shi gaskiya daidai tambayarsa. Idan amsar ba ta zo ba nan take, a ce masa za a yi maganar bayan cin abincin dare, kuma a cika alkawarin a daren.

Mataki na huɗu: sutura da kunya, ga mace da namiji

A nan ne aka fi samun rigima a gida, musamman idan Disamba ta kama, an sayo atamfa ko an fitar da ankon biki. Katekizim ya yi magana a kan kunya daga sakin layi na 2521 zuwa na 2524, inda ya ce tana kare sirrin mutum, tana ƙin buɗe abin da ya kamata ya zauna a rufe, tana kuma shafar yadda mutum ke kallo da magana da zaɓen tufafi. Ya kuma yarda cewa siffarta tana bambanta daga wata al'ada zuwa wata, don haka bai ba da awon inci na siket ko hannun riga ba. Mu da muke zaune a inda maƙwabtanmu Musulmi da kakanninmu duka suke girmama sutura, ba mu da wahalar gane abin da idon mutanen kirki ke ɗauka a matsayin mutunci.

Shawarata ga uwa ita ce ta raka 'yarta wurin tela tun ranar awo, maimakon ta jira ɗinki ya dawo daren Kirsimeti a yi ta kuka da faɗa. A bar yarinyar ta zaɓi salon da take so a cikin hotunan, domin budurwa tana da haƙƙin son ta yi kyau, kuma idan aka mai da kamun kai ya zama buhu marar fasali za ta tsane shi. Uwar ta sa baki a wurare uku kawai, wato wuya da tsaga da matsewa. Ranar gwaji kuma a yi jarrabawa mai sauƙi a gaban madubi: ta zauna a kujera, ta sunkuya kamar za ta ɗauki abu a ƙasa, ta ɗaga hannuwa sama, ta durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda ake yi a gaban bagade. Idan duk ta yi waɗannan ba tare da tana jan riga ko dafe ƙirji ba, ɗinkin ya yi. Amfanin wannan gwaji shi ne ita da kanta take yanke hukunci, kuma za ta tafi da shi jami'a inda babu uwa a kusa. Uba ya yi hattara da bakinsa a nan, domin kalma irin "kin yi shigar karuwai" takan zauna a zuciyar yarinya shekara ashirin. Ya fi masa ya yabe ta ranar da ta yi shiga mai kyau, ya bar wa uwar gyaran.

Ɗa namiji ma yana da nasa: wandon da ke zamewa ƙasa da ƙugu, yawo a tsakar gida ba riga a gaban baƙi da ƙannensa mata, tsayawa a bakin titi ana yi wa 'yan mata fito, da barkwancin batsa a majalisa. A cikin Matiyu 5:28 Yesu ya ɗora alhakin kallon sha'awa a kan mai kallon, bai ɗora shi a kan wadda aka kalla ba, saboda haka a koya wa yaro cewa idonsa amanarsa ce, kome yarinya ta sa. Wannan yana da muhimmanci ga 'yan mata ma, domin bai kamata a koya musu sutura ta hanyar da za su ɗauka cewa duk abin da namiji ya yi musu laifinsu ne ba. Ana cin zarafin yara masu shekara biyar, ana cin zarafin mata masu lulluɓi har ƙasa.

Akwai kuma kunyar cikin gida, wadda ta fi wuya ga masu zama a ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya. Ko da labule ne a raba wurin kwanan maza da mata da zarar sun kusa balaga, a koya wa kowa ƙwanƙwasa ƙofa da yin sallama kafin shiga, iyaye ma su riƙa yi wa matasansu haka. Baƙo namiji, ko da ɗan'uwa ne na jini da ya zo neman aiki ko karatu, ba a haɗa shi ɗaki da yara mata, ba a kuma haɗa shi shimfiɗa da ƙananan yara maza. Wannan ba zargi ba ne, kuma idan doka ce da ta hau kowa babu wanda zai ji haushi.

Mataki na biyar: waya

Shafuka irin su TikTok, Facebook da Instagram sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, amma babu mai tsayawa a ƙofa yana duba takardar haihuwa. Kuma kada iyaye su ruɗi kansu cewa hana kuɗin data ya wadatar, domin hotunan batsa suna yawo daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth a bayan aji, ko a shagon masu tura fina-finai a kasuwa, ba tare da intanet ba.

Dokokin da suka fi aiki kaɗan ne, kuma a kafa su tun ranar da aka miƙa wayar, kafin a sami matsala. Wayar farko ta zama ƙarama mai maɓalli, babbar ta jira sai yaro ya nuna hankali. Duk wayoyin gida su kwana a falo ko a ɗakin iyaye daga ƙarfe tara na dare, har da ta Baba idan aikinsa bai hana ba, domin yawancin ɓarnar da ake yi da waya tsakar dare ake yin ta a ƙarƙashin bargo. Iyaye su san lambar buɗe wayar, su kuma gaya wa yaron a fili cewa za su riƙa dubawa a gabansa, wanda ya fi binciken sata daraja. Masu wayar Android suna iya sa manhajar Family Link ta Google, wadda ke ƙayyade lokaci da irin abin da za a sauke.

Sai magana ɗaya da dole a faɗa wa mace da namiji ƙarara: kada ka taɓa tura hoton tsiraicinka ga kowa, ko da wanda ya rantse zai aure ki ne, domin hoton da ya bar wayarka ya bar hannunka har abada. A haɗa da rabi na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci: "Idan har ya riga ya faru, wani yana yi maka barazanar yaɗawa, ka zo wurina ko ƙarfe biyun dare ne. Ba zan dake ka ba." Masu wannan sana'a da tsoron iyaye suke cin abinci. Idan abin ya faru kada a biya kuɗi, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo, kada kuma a goge saƙonnin, a adana su a kai wa 'yan sanda.

Duk da haka, tsaro yana da iyaka. Paparoma Francis, a wasiƙarsa Amoris Laetitia ta 2016, ya gargaɗi iyaye cewa zaƙewa wajen son sanin inda yaro yake a kowane lokaci ba shi ne tarbiyya ba, abin da ya fi shi ne sanin inda zuciyarsa take. Don haka a riƙa sassauta igiya yayin da shekaru ke ƙaruwa, yadda mai shekara 17 zai sami 'yancin da mai 13 bai samu ba, ya fara gwada riƙe kansa tun yana gaban iyayensa.

Mataki na shida: abokai, kyauta da wuraren zuwa

Ku san abokan 'ya'yanku da sunansu da gidajensu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce gidanku ya zama inda suke son taruwa, ko da hakan zai ci muku ƙarin mudun shinkafa. Idan saurayi ya fara nuna yana son 'yarku da ta kai munzali, gara ya zo gida ya gaisa, su zauna a inda ake ganinsu, da a kore shi su koma haɗuwa a lungu.

Ku sa ido a kan abin da ba ku saya ba. Sabuwar waya, turare, katin waya da ba ya ƙarewa, duk suna da mai biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Talauci gaskiya ne, amma yarinyar da ba ta iya roƙon iyayenta kuɗin audugar mata ko man shafawa za ta sami mai ba ta, saboda haka a ware mata wannan ɗan kuɗi kowane wata ba sai ta tambaya ba. Idan dole ne a yi talla, kada ta kai dare, kada kuma ta shiga ɗakin kowa ko shagon da aka rufe don a ce za a ba ta canji.

Harabar coci ma ba ta fita daga wannan lissafi ba. Ƙungiyar mawaƙa, masu hidimar bagade da ƙungiyar matasa ta CYON wurare ne masu kyau da ke ba yaro abokan kirki da aikin yi, amma a san lokacin da ake tashi daga koyon waƙa, a san wanda zai rako su gida bayan addu'ar dare. Doka ɗaya ta hau kowa: babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko malamin darasi ne, ko shugaban matasa, ko mai riga ta limanci. Abin kunyar da ya faru a Ikilisiya a ƙasashe da dama ya koya mana wannan da tsada, kuma limamin kirki shi ne zai fara goyon bayan dokar.

Mataki na bakwai: addu'a, tuba da labarin tsarkaka

Ikilisiya tana koyar da cewa tsarkin jiki ƙoƙarin mutum ne kuma baiwar Allah ce, don haka ba a raba shi da sakramenti. Ku riƙa zuwa furta zunubi tare da yaranku, misali sau ɗaya a wata, su ga Baba ma yana bin layi yana durƙusawa. Kada ku taɓa tambayar abin da suka faɗa, ku kuma tabbatar musu cewa dokar Ikilisiya ta haramta wa Fada bayyana abin da ya ji a wurin ko da za a kashe shi, domin matasa da yawa suna gudun tuba ne don tsoron maganar za ta koma gida. Idan yaro yana jin nauyin limamin da ya san shi tun yana goye, a kai shi wata majami'a. Rosari na yamma kuma, wato addu'ar carbi, gara a yi kashi ɗaya da natsuwa kullum da a yi duka kashi biyar ana gyangyaɗi da tsawa.

Ga 'ya'ya maza babu labarin da ya kai na Shahidan Uganda. Charles Lwanga shi ne shugaban samarin da ke hidima a fadar Sarki Mwanga na Buganda, ya kare su daga lalatar da sarkin ke nema da su, suka ƙi barin bangaskiyarsu, aka ƙone shi da abokansa a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba, kuma Paparoma Paul na Shida ya sanya su 22 cikin tsarkaka a 1964. Samari ne baƙar fata kamar 'ya'yanmu, waɗanda suka ce a'a ga mai mulki, kuma hakan yana nuna wa yaro cewa kamun kai jarunta ce. Ga 'yan mata an saba ba da labarin Maria Goretti, 'yar Italiya mai shekara 11 da wani saurayi maƙwabcinsu ya sossoke a 1902 don ta ƙi yarda da shi, ta kuma yafe masa kafin ta cika. A ba da shi da hankali, kada yarinyar da aka taɓa fin ƙarfinta ta ji kamar laifinta shi ne ta rayu. Tun bayan da aka ci birnin Roma da yaƙi a shekara ta 410, Waliyyi Agustin ya rubuta cewa matan da aka yi wa fyaɗe ba su rasa tsarkinsu ba, domin tsarki yana cikin nufin zuciya.

Mataki na takwas: idan abin da ake gudu ya faru

Da farko a gano ko faɗuwa ce ko cin zarafi. Idan babba ne ya taɓa yaro, ko aka yi amfani da ƙarfi ko barazana, yaron ba shi da zunubin da zai tuba a kai. A gaya masa an yarda da maganarsa, a kai shi asibiti nan da nan kafin wanka idan zai yiwu, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, sannan a kai ƙara. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Rufa-rufa da sunan kare sunan dangi ko sunan coci yana ba mai laifin damar komawa kan wani yaron.

Idan kuwa faɗuwa ce, ko an kama batsa a waya, ko yarinya ta zo da ciki, a bar daren farko ya wuce ba a yanke hukunci ba. Na san wani magidanci da ya watsa wa 'yarsa kaya waje a daren da ya ji labari, ya kwashe wata uku yana nemanta gari-gari, kuma har yau ba ya iya ba da labarin ba tare da muryarsa ta karye ba. Tsoron irin wannan dare shi ke tura 'yan matanmu wurin masu zubar da ciki a ɓoye, inda ake rasa jariri, wani lokaci har da uwar, saboda haka gidan da ke cewa yana kare rai tun daga ciki dole 'yarsa ta san tun kafin komai ya faru cewa ba za a kore ta ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Agustin ɗin nan da muka ambata ya haifi ɗa ba aure tun yana saurayi, mahaifiyarsa Monika ta yi ta binsa da addu'a da hawaye har ya karɓi baftisma a Milan a shekara ta 387.

A aikace, a fara kai yarinyar awon ciki a asibiti, domin cikin ƙuruciya yana da haɗari ga lafiyarta. Iyayen ɓangarorin biyu su zauna, a gaban Fada ko wani dattijo idan da hali, a tsara wanda zai ɗauki nauyin haihuwa da reno, kuma idan ɗanku ne ya yi cikin kada ku ɓoye shi ko ku tura shi wani gari, ya tsaya ya ɗauki nauyinsa. Kada a tilasta musu aure don rufe kunya, domin a dokar Ikilisiya auren da aka ɗaura bisa tilas ko matsanancin tsoro bai ɗauru ba. A raka ta wurin tuba idan ta shirya, a yi wa jaririn baftisma kamar kowane ɗa, kuma tun kafin ta haihu a fara neman makarantar da za ta koma, a kuma san wace ce a cikin dangi za ta riƙe jaririn da safe har ta taso daga aji.